Kuɗin Zinariya na Lombardawa a Ƙasar Italiya

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 568 zuwa 774 wata al'umma da ake kira Lombardawa ta mallaki mafi yawan ƙasar Italiya. Rubuce-rubucen da suka rage daga wancan zamani ba su da yawa. Akwai dokokin sarakunansu, akwai takardun cinikin gonaki da na kyauta, akwai kuma tarihin da wani malamin coci mai suna Bulus Dikon ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 8. Saboda wannan ƙaranci ne masana tarihi suka koma ga wata shaida ta daban, wato tsabar zinariyar da sarakunan suka buga. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan tsaba da tambaya guda biyu: sunan wa ake bugawa a kan zinariya, kuma me yake sa mutane su yarda su karɓe ta?

2.0 Su wane ne Lombardawa?

Lombardawa suna cikin al'ummomin da ke magana da harsunan dangin Jamusanci. Bulus Dikon ya ce sun sami sunansu ne daga dogon gemun da mazansu suke tarawa. Kafin su shiga Italiya suna zaune ne a yankin da yake ƙasar Hangari a yau. A shekarar 568 sarkinsu Alboin ya ƙetaro duwatsu da su, maza da mata da yara da dabbobi. Sun tarar da ƙasa a gajiye, domin yaƙin da sarkin Rum ta Gabas, Jastiniyan, ya yi da Gotawa ya ɗauki kusan shekara 20, ga kuma annoba. Birnin Pavia ya faɗa hannunsu a 572, daga baya ya zama gidan sarautarsu.

Duk da haka ba su taɓa haɗiye Italiya gaba ɗaya ba. Birnin Rum da Ravenna da Napoli da tsibirin Sisili sun ci gaba da zama a ƙarƙashin sarkin Rumawa da ke Kustantiniya. A kudu kuma, manyan hakiman Lombardawa na Spoleto da Benevento suna cin gashin kansu. Ke nan ƙasa ɗaya ce, masu iko biyu, kasuwanni kuma a haɗe. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane abin da ya faru da kuɗinsu.

3.0 Kuɗin da suka tarar

Tun farkon ƙarni na 4 sarki Kwanstantin ya kafa tsabar zinariya mai suna solidus. Ana fitar da guda 72 daga cikin awo ɗaya na laba ta Rumawa, saboda haka kowace tana da nauyin giram 4.5 ko kusa da haka, zinariya tsantsa. Akwai kuma ƙaramarta mai suna tiremis, wato sulusin solidus, mai nauyin kusan giram 1.5. A fuska ɗaya akan buga hoton sarki da sunansa. A ɗaya fuskar kuma akan buga gicciye, ko hoton wata mace mai fikafikai wadda take alamar nasara.

A ganin Rumawa, buga suna a kan zinariya haƙƙin sarkinsu ne shi kaɗai. Da sarkin Farankawa Theudebert na I ya buga nasa sunan a kan zinariya wajen shekarar 540, marubucin tarihi Prokopiyus ya ɗauki abin a matsayin wuce gona da iri. Gotawan da suka mulki Italiya kafin Lombardawa sun kiyaye wannan al'ada: zinariyar da suke kashewa tana ɗauke da sunan sarkin Kustantiniya, ko a lokacin da dangantaka ta yi tsami.

4.0 Zamanin kwaikwayo

Lombardawa ma haka suka yi, har na tsawon shekara fiye da 100. Sun buga tiremis da sunan Jastiniyan da Jastin na II, sannan da sunan Moris, wanda ya yi sarauta daga 582 zuwa 602. Abin lura shi ne, bayan an kashe Moris a 602 maƙeran arewacin Italiya ba su daina buga sunansa ba. Sun yi ta maimaita shi shekara da shekaru, sarakuna suna ta sauyawa a Kustantiniya, su ko a jikinsu.

Amma kama da wane ba ta wane. Mai sassaƙa hatimi yana kwaikwayon tsabar da ita ma kwaikwayo ce, don haka a hankali haruffa suka rikiɗe suka zama zane marar ma'ana. Hoton macen nan mai fikafikai ya koma ƴan layuka. Ita kanta tsabar sai ƙara faɗi take yi tana ƙara sirancewa, har faɗinta ya haura milimita 20, da wani zobe mai tudu a gefe. Saboda rashin kaurinta, zanen fuska ɗaya yakan fito ta ɗaya fuskar. A yankin Toskana kuwa wani salo aka bi: tsaba ƙarama mai kauri, mai gicciye a baya, da sunayen sarakunan Rumawa na ƙarni na 7 irin su Hirakal.

Me ya sa al'ummar da take yaƙi da sarki za ta riƙa buga sunansa? Dalili na farko shi ne amana. Mai sayar da gona ko doki ba ya karanta Latin, siffar da ya saba gani ita yake dubawa. Mutanen ƙasashenmu sun san irin wannan. Dalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya ta yi yawo a Barno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kuma duk wadda aka buga bayan mutuwar sarauniyar shekarar 1780 take ɗauke da ita, domin ƴan kasuwa ba su karɓar wadda ta sauya kama. Dalili na biyu shi ne, ita kanta zinariyar daga hannun Rumawa take fitowa, ta hanyar ganima da fansar bayi da kuɗin sulhu. Bulus Dikon ya ambaci solidus 12,000 da wakilin sarkin Rumawa a Ravenna ya biya sarki Agilulf don a tsagaita wuta. Dalili na uku shi ne raunin sarautar kanta. Daga 574 zuwa 584 Lombardawa ba su da sarki ma sam, hakimai ne kowa da garinsa.

Kada a ɗauka wannan tsaba jabu ce. Zinariyarta mai kyau ce, kuma da iznin hukuma ake buga ta. A shekarar 643 sarki Rothari ya sa aka rubuta dokokin Lombardawa da Latin, sashe 388. Sashe na 242 ya yanke cewa duk wanda ya buga kuɗi ba da umarnin sarki ba, a yanke masa hannu. Ashe tun a lokacin ikon buga kuɗi na sarkin Pavia ne, sunan da ke kai ne kawai na aro.

5.0 Kuninkpert da hoton Mala'ika Mika'ilu

Sauyi ya zo a zamanin sarki Kuninkpert, wanda ya yi sarauta shi kaɗai daga 688 zuwa 700. Shi ne ya mayar da buga sunan sarkin Lombardawa ɓaro-ɓaro a kan zinariya tsayayyar al'ada. Da farko ya bar hoton macen nan mai fikafikai, ya cire sunan Moris ya sa nasa. Daga baya ya fito da sabuwar tsaba: a gaba hotonsa da sunansa da haruffa masu karantuwa, a baya kuma Mala'ika Mika'ilu a tsaye riƙe da sanda mai gicciye da garkuwa, an rubuta SCS MIHAHIL. Zinariyar kuma kusan tsantsa ce.

Akwai dabara a cikin zaɓen wannan hoto. Wanda ya saba ganin mai fikafikai a bayan tsaba, mai fikafikai ya sake gani, don haka ido bai ƙi ta ba. Ga Lombardawa kuma Mika'ilu majiɓincin mayaƙansu ne, suna kai ziyara wurin ibadarsa a dutsen Gargano, a kudu maso gabashin Italiya.

Akwai siyasa ma a ciki. Da hawan Kuninkpert, hakimin Trento mai suna Alahis ya yi masa tawaye ya ƙwace fadar Pavia. Bulus Dikon ya ba da labarin cewa wata rana Alahis yana ƙirga tiremis a kan tebur sai ɗaya ta faɗi ƙasa. Wani ƙaramin yaro, ɗan wani babban mutum mai suna Aldo, ya ɗauko ya miƙa masa. Alahis, a zatonsa yaro bai san komai ba, ya ce masa ubansa yana da irinsu da yawa, kuma ba da daɗewa ba zai miƙo su. Da yaro ya koma gida ya faɗa wa ubansa. Aldo da ɗan'uwansa Grauso, waɗanda su ne suka taimaki Alahis ya hau, suka juya masa baya suka maido da Kuninkpert. An gwabza a Koronate kusa da kogin Adda wajen 689, aka kashe Alahis. A faɗar Bulus, Alahis ya ƙi fitowa su kara shi da Kuninkpert su biyu ne saboda ya hango hoton Mika'ilu a cikin rundunarsa. Ke nan tsabar da ta biyo baya sanarwar nasara ce da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Bugu da ƙari, wajen 680 an ƙulla sulhu tsakanin Lombardawa da Kustantiniya, abin da ya nuna Rumawa sun haƙura cewa masarautar ta zauna.

Yana da kyau a duba abin da ke faruwa a sauran gaɓar Bahar Rum a wannan lokaci. Sarkin Rumawa Jastiniyan na II, a sarautarsa ta farko daga 685 zuwa 695, ya sa hoton Almasihu a kan solidus. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda kafinsa Larabawa ma kwaikwayon kuɗin Rumawa suke yi, ya fito da dinari marar hoto, rubutu zalla, a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, mai nauyin giram 4.25. A cikin shekaru kaɗan masu mulki uku suka sauya fuskar zinariyarsu, kowa yana bayyana addininsa da ikonsa a kanta.

6.0 Me ake yi da wannan kuɗi?

Tiremis ba kuɗin cefane ba ne. Darajarsa ta fi ƙarfin sayen gurasa ko kifi. Amfaninsa yana wajen cinikin ƙasa, da sadaki, da kyautar sarki ga barorinsa, da biyan tara da diyya. Dokokin Rothari sun ƙayyade tara da solidus. Wanda ya fitar wa ɗa haƙorin da ake gani idan ya yi dariya zai biya solidus 16, turmi kuma 8. Wanda ya tare wa ƴa mace hanya, tararsa solidus 900 ce. Idan aka lissafa, wannan ya kai kusan kilo 4 na zinariya, abin da ya fi ƙarfin yawancin mutane.

Sai dai sarakunan Pavia kusan ba su buga solidus ba, tiremis suke bugawa. Solidus sunan lissafi ne: wanda aka ci tarar 16 zai kawo tiremis 48, ko dabbobi ko ƙasa da aka yi wa ƙima daidai da haka. Mai karatu a Nijar ya san irin wannan, domin ana cewa dala ashirin a kasuwa alhali abin da aka rubuta a kan kuɗin 100 ne. Sarki Aistulf ne ya buga solidus na gaske da sunansa bayan ya ci Ravenna a 751, inda ya tarar da gidan buga kuɗi na Rumawa da maƙeransa. Ban da zinariya, akwai ƴan ƙananan tsabar azurfa marasa kauri, amma ba su da yawa.

Wani kaso na zinariyar kuma ya fita daga kasuwa gaba ɗaya. A maƙabartar Castel Trosino an tono sarƙoƙin wuya na mata da aka jera wa tsabar Rumawa. A kaburbura da yawa kuma an sami ƙananan gicciye na zinariya marar kauri da akan ɗinka a kan mayafin mamaci.

7.0 Raguwar zinariya da tauraron Lukka

Sarakunan da suka biyo bayan Kuninkpert sun riƙe hoton Mika'ilu, amma ingancin ƙarfen bai daɗe ba. Masana suna gane haka ta hanyar auna tsaba a sarari sannan a auna ta a cikin ruwa, domin zinariya ta fi azurfa da jan ƙarfe nauyi. Wani masani a gidan tarihi na Birtaniya, W. A. Oddy, ya buga sakamakon irin wannan awo a 1972. A zamanin Liutprand, daga 712 zuwa 744, aka yi ta ƙara azurfa a cikin zinariyar. Kafin ƙarshen masarautar, zinariyar da ke cikin tiremis ba ta kai rabi ba, nauyinsa kuma ya sauko zuwa kusan giram 1. Launinsa ma ya koɗe.

Abin mamaki shi ne, Liutprand shi ne mafi ƙarfi a cikin sarakunansu. Wannan ya nuna cewa ba raunin sarki ne ya jawo algus ɗin ba, zinariya ce ta yi ƙaranci a yammacin Turai baki ɗaya. Farankawa da mutanen Ingila sun riga sun koma azurfa tun wajen 675. Masanin tarihi ɗan ƙasar Beljiyam, Henri Pirenne, a littafinsa da ya fito a 1937, ya ɗora abin a kan yankewar cinikin Bahar Rum bayan yaƙe-yaƙen Larabawa. Masana da yawa na baya ba su gamsu da haka ba. Sun nuna cewa cinikin ya fara ja baya tun kafin lokacin, kuma harajin ƙasa da Rumawa suke karɓa da zinariya su biya sojoji da ita ya mutu a yamma. Mayaƙin Lombardawa ƙasa ce ladansa. Da hukuma ta daina tara zinariya tana sake rabawa, sai ta maƙale a taskokin coci da kayan ado da kaburbura.

A Toskana wani salo ya ɓullo a ƙarni na 8. Birnin Lukka ya buga tiremis mai tauraro a tsakiya, kewaye da rubutun FLAVIA LVCA, da farko ma ba sunan sarki. Kalmar Flavia ta fito ne daga laƙabin Flavius na sarakunan Rumawa, wanda sarki Authari ya ara tun 584. Aistulf ya sa sunansa a kan tsabar Lukka. Sarki na ƙarshe, Desiderius, wanda ya hau a 757, ya yaɗa wannan salo zuwa garuruwa fiye da goma, ciki har da Pavia da Milan da Piacenza da Treviso da Vicenza da Pisa, kowane gari da sunansa a kewayen tauraro.

A 774 sarkin Farankawa Sharlaman, bisa kiran Paparoma, ya ci Pavia ya kama Desiderius. Bai sauya kuɗi nan take ba. Ya cire sunan Desiderius ya sa nasa, sauran komai ya bar shi yadda yake. Sai wajen 781 ya hana tsohon kuɗi, ya kawo tsabar azurfa ta Farankawa mai suna denarius. Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan shekaru ya fito ne daga wata ɓoyayyar dukiya da ma'aikata suka tono a Ilanz, a ƙasar Suwizalan, a 1904. A cikinta akwai tiremis na Desiderius da na Sharlaman, da azurfar Farankawa, da ta Ingila, har da dirhamin Larabawa.

8.0 Benevento da Salerno

A kudu labarin bai ƙare ba. Hakiman Benevento, waɗanda suke maƙwabtaka da Rumawa, sun buga solidus da tiremis tun wajen 700, suna kwaikwayon Jastiniyan na II, sai dai su saka harafin farko na sunansu kusa da gicciye, kamar R na Romuald na II. Da Pavia ta faɗi, Arikis na II, surukin Desiderius, ya ɗaukaka muƙaminsa ya zama mai cin gashin kansa. Bayan mutuwarsa a 787, ɗansa Grimoald na III yana tsare a hannun Sharlaman. An sake shi a 788 bisa sharaɗin ya sa sunan Sharlaman a kan takardunsa da kuɗinsa, ya kuma sa Lombardawa su aske gemu. Ya buga sunan na ƴan shekaru, da ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa sai ya cire. Masu nazari suna iya bin wannan tawaye a kan tsabar kanta. Zinariyar Benevento ita ma ta yi ta raguwa, har aka daina bugawa a tsakiyar ƙarni na 9, lokacin da yaƙin basasa ya raba ƙasar biyu a 849.

Da zinariya ta dawo hannun sarakunan Lombardawa na Salerno, kwaikwayo suka sake yi, amma a wannan karo na kuɗin Musulmi. Sun buga ƙaramar tsaba mai suna tari, mai nauyin kusan giram 1, suna kwaikwayon rubu'in dinarin halifan Faɗimawa al-Mu'izz, wanda ya yi mulki daga 953 zuwa 975. Maƙeran Kiristoci ne, ba su karanta Larabci, don haka rubutun ya lalace kamar yadda sunan Moris ya lalace a da. A nan ne labarin ya taɓo nahiyarmu, domin kaso mai yawa na zinariyar Faɗimawa daga Afirka ta Yamma take zuwa, ta ƙetare Sahara a kan raƙuma ta biyo ta Sijilmasa. Normawa sun ci Salerno a 1077, suka ci gaba da buga tari. Biranen arewacin Italiya kuwa sai a 1252 suka koma buga zinariya, a Jenowa da Fulorans.

9.0 Abin da ya rage a harshe

Ɗalibin harshe yana da rabo a wannan tarihi. Daga solidus aka sami soldi, wato kuɗi a Italiyanci, da sou da solde da soldat a Faransanci. Asalin ma'anar soldat shi ne wanda ake biya albashi. Takwararta ta Ingilishi ita Hausa ta ara ta mayar soja. Denarius kuwa, wanda tsabar azurfa ce a wurin Rumawa da Sharlaman, ya shiga Larabci ya zama dinar, tsabar zinariya, kuma masana harshe suna danganta kalmarmu ta zinariya da shi. Solidus ɗaya yana da nauyin ƙwayar wani itace guda 24, wadda Girkawa suke kira keration, Larabawa kuma ƙiraɗi. Daga nan ne masu sayar da zinariya har yau suke cewa tsantsarta karat 24 ce.

10.0 Kammalawa

Tsabar Lombardawa ta bi matakai uku: aron sunan sarkin Rumawa daga 568, buga sunan kai daga zamanin Kuninkpert, sannan raguwar zinariya har zuwa komawa azurfa wajen 781. Duk mai mulkin da ya sauya kuɗi ya ci nasara, a hankali ya yi. Kuninkpert ya bar mai fikafikai, Sharlaman ya bar tauraro, mutanen Salerno suka bar rubutun Larabci. Sarki yana da ikon hatimi, amma karɓa ko ƙi yana hannun mutanen kasuwa, kuma su abin da idonsu ya sani shi suke miƙa wa hannu.